Daga Tungan Maje Zuwa Yanar Gizo: Koyon Gina Shafukan Intanet a Matakin Jami'a

Tungan Maje gari ne a Ƙaramar Hukumar Gwagwalada ta Babban Birnin Tarayya, yana zaune a bakin babbar hanyar da ta taso daga Kaduna ta ratsa Zuba ta miƙe zuwa Lokoja, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin da suka haɗa arewacin Najeriya da kudancinta. Wanda ya fita daga garin ya nufi Gwagwalada zai fara isa mahaɗar Giri, inda titin filin jirgin sama ya rabu da babbar hanya, kuma a gefen wannan titi ne mazaunin dindindin na Jami'ar Abuja yake, jami'ar da aka kafa a 1988, ta fara koyarwa a 1990 a ƙaramar harabarta da ke cikin Gwagwalada, sannan a Disambar 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a sauya mata suna zuwa Jami'ar Yakubu Gowon. Wanda ya juya ta ɗaya ɓangaren kuwa, kafin ya yi nisa zai tarar da Kwalejin Ilimi ta Zuba, can cikin birni kuma akwai hedikwatar jami'ar karatu daga gida ta NOUN a Jabi, da jami'o'i masu zaman kansu irin su Nile da Baze, da Veritas a Bwari. Ba kowane gari mai girman Tungan Maje ne manyan makarantu suka kewaye haka ba, shi ya sa batun abin da matashin garin zai karanta, da yadda karatun zai zama sana'a a hannunsa, yake da nauyi a nan fiye da wurare da dama.

Ilimin kwamfuta yana cikin fannonin da matasa ke rububin shiga a yau, a cikinsa kuma da wuya a sami reshen da ya taɓa rayuwar talaka kai tsaye kamar gina shafukan intanet. Ta shafi ake yi wa ɗalibin sakandare rajistar jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 aka mayar da ita kacokan kan kwamfuta. Ta shafi yake duba sakamakon WAEC da NECO. Idan ya sami gurbi, ta shafi zai biya kuɗin makaranta, ya yi rajistar kwasa-kwasai, ya nemi bashin karatu na asusun NELFUND da ya fara aiki a 2024, ranar da ya kammala kuma ta shafi zai nemi takardar kiran bautar ƙasa. Kowanne daga cikin waɗannan shafuka mutane ne suka zauna suka rubuta shi layi bayan layi, idan kuma ya tsaya cak ana tsakiyar rajista, ko ya karɓi kuɗin mutum ya hana shi rasit, to a wani wuri akwai wanda bai iya aikinsa ba, ko kuma wanda aka hana kayan aikin da suka dace. Nauyin da ke kan jami'o'i shi ne su yaye mutanen da za a damƙa wa irin wannan aiki hankali kwance, kuma takardar digiri ita kaɗai ba ta tabbatar da hakan.

Abin da sana'ar ta ƙunsa

Intanet ita ce tarin kwamfutocin duniya da aka sada da juna ta wayoyin ƙarƙashin ƙasa da na ƙarƙashin teku da turakun sadarwa, yanar gizo kuwa hidima ce guda daga cikin hidimomin da ke gudana a kanta, wato tsarin shafuka masu adireshi waɗanda ake tsallakawa daga wannan zuwa wancan ta hanyar latsa mahaɗi. Tim Berners-Lee, masanin kimiyya ɗan Ingila, shi ya gabatar da shawarar wannan tsari a 1989 lokacin da yake aiki a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba, shafin farko ya fito fili a 1991, sannan a ranar 30 ga Afrilun 1993 cibiyar ta saki fasahar ga kowa da kowa ba tare da neman ko sisi ba. Albarkacin wannan mataki ne har yau ɗalibi a Tungan Maje ba ya bukatar izinin kowa ko lasisin wani kamfani kafin ya rubuta shafi, domin ƙa'idojin a buɗe suke, ƙungiyar W3C da aka kafa a 1994 da takwarorinta suna wallafa su, duk mai iya karatu kuma zai iya bin su dalla-dalla.

Duk lokacin da aka buɗe shafi, na'ura biyu ne ke magana da juna. Ta farko ita ce wayar mai karatu ko kwamfutarsa, wadda ke ɗauke da burauza, wato manhajar da ake kallon shafuka da ita, irin su Chrome da Firefox da Opera Mini. Ta biyu ita ce saba, wato kwamfuta mai ƙarfi da ba a kashewa dare da rana, wadda aka ajiye shafin a cikinta tana jiran mai nema. Idan mutum ya rubuta adireshi, wani tsari mai suna DNS shi ke fassara sunan zuwa lambar da na'urori ke gane juna da ita, daga nan burauza ta aika buƙata bisa ƙa'idar da ake kira HTTP, saba kuma ta mayar da amsa, duk cikin ƙiftawar ido idan sabis yana da kyau. Rabuwar aiki tsakanin waɗannan na'urori ita ta raba sana'ar gida biyu, ɓangaren gaba wanda mai karatu ke gani yana taɓawa, da ɓangaren baya wanda ke ɓoye a cikin saba.

A ɓangaren gaba harsuna uku ake fara koya. HTML shi ke bayyana tsarin abin da ke cikin shafi, ya nuna wannan kanu ne, wannan sakin layi ne, wannan hoto ne, wannan kuma gurbi ne da za a cike. CSS, wanda Håkon Wium Lie ya gabatar da shawararsa a 1994, shi ke kula da kamanni, wato launi da girman rubutu da tazara da yadda shafi zai tsuke ya dace da fuskar waya ko ya buɗe ya cika fuskar kwamfuta. JavaScript kuwa, wanda Brendan Eich ya ƙirƙira a kamfanin Netscape a 1995, shi ne harshen umarni na sosai a cikin ukun, domin da shi ake sa shafi ya yi lissafi, ya amsa latsawa, ya gargaɗi mutum cewa lambar wayar da ya shigar ba ta cika ba. A ɓangaren baya akwai zaɓi da yawa, daga PHP, wanda Rasmus Lerdorf ya fitar a 1995 kuma a kansa aka gina WordPress, zuwa Python da Java, da Node.js da ya fito a 2009 ya ba JavaScript damar aiki a cikin saba. A bayan dukkansu kuma akwai rumbun bayanai, wato ma'ajiyar da aka tsara bayanai a cikinta jadawali-jadawali, wadda ake yi wa tambaya da harshen SQL.

Misali ɗaya ya isa ya nuna yadda waɗannan sassa ke cuɗanya. A ɗauka wata makarantar Islamiyya tana son iyaye su riƙa yi wa 'ya'yansu rajista ta waya. Mai gina shafin zai zana fom da HTML, ya sa gurbin suna da shekaru da aji da lambar wayar uba, ya gyara shi da CSS yadda babban yatsa zai iya latsa kowane gurbi a ƙaramar waya ba tare da kuskure ba, ya sa JavaScript ya hana tura fom ɗin idan an bar gurbin suna fayau. Da uba ya latsa maɓallin turawa, bayanan su tafi saba, inda umarnin da aka rubuta da PHP ko Python zai sake tantance su, tun da yake ba a dogara da tantancewar burauza ita kaɗai, sannan ya ajiye su a rumbu, ya ba yaron lamba, ya mayar wa uban da shaida. Idan sabis ya yanke bayan an ajiye bayanan amma kafin shaidar ta iso, uban zai sake latsawa, kuma idan mai ginin bai hango wannan ba, yaro ɗaya zai zama biyu a rajista. A irin wannan gaɓa ce ake bambance wanda ya karanta da wanda ya iya, kuma ba a gane ta sai an gina abu an ba mutane sun yi amfani da shi.

Abin da jami'a ke bayarwa, da inda take gazawa

Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ke tsayar da mafi ƙarancin abin da kowace jami'a za ta koyar kafin ta ba da digiri. A Disambar 2022 hukumar ta ƙaddamar da sabon kundin tsarin karatu mai suna CCMAS, wanda ya maye gurbin tsohon kundi na 2007, ya kuma kawo sauyi biyu da suka shafi wannan batu. Na farko, ilimin kwamfuta ya fita daga ƙarƙashin fannin kimiyya ya zama fanni mai cin gashin kansa, da digiri daban-daban a cikinsa, kamar kimiyyar kwamfuta, da injiniyancin manhaja, da fasahar bayanai, da tsaron intanet, da kimiyyar alƙaluma. Na biyu, hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da muhallinta da ƙwarewar malamanta. Wannan kashi 30 dama ce babba, kuma yadda aka yi amfani da ita shi zai nuna ko sauyin ya wuce takarda.

Ɗalibin da ya shiga karatun shekara huɗu na kimiyyar kwamfuta yakan shafe shekarar farko yana fama da lissafi da fiziks da gabatarwar kwamfuta, a shekara ta biyu ya shiga rubuta umarni gadan-gadan, ta uku ya haɗu da tsarin jera bayanai da dabarun warware matsala mataki-mataki da rumbun bayanai da sadarwar kwamfutoci, ta huɗu kuma ya yi aikin bincikensa na ƙarshe, wanda ɗalibai ke kira furojet. Darasin gina shafuka kansa bai fi kwas ɗaya ko biyu ba a cikin wannan doguwar tafiya, shi ya sa ake yawan jin matasa suna ƙorafin cewa jami'a ɓata lokaci ce, wai abin da ake koya a wata shida a cibiyar horaswa ya fi amfani. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba gaskiya ba ce. Mai horon wata shida zai iya haɗa shafi mai kyawun gani, sai dai ranar da mutum dubu goma suka dira a kan shafin lokaci guda ya durƙushe, wanda ya fahimci yadda rumbu ke neman bayani, da dalilin da ya sa wata tambaya ke cin daƙiƙa guda wata kuma ke cin minti biyar, shi ake kira ya tayar da shi. Kayan aikin da ake yayi suna sauyawa kusan kowace shekara, React da kamfanin Facebook ya ƙirƙira ma sai a 2013 ya fito, amma lissafin da ke ƙarƙashinsu bai sauya ba, kuma wannan tushe ne jami'a ta fi kowa iya bayarwa.

Inda gizo ke saƙar shi ne tazarar da ke tsakanin allo da na'ura. Sanannen abu ne a manyan makarantun ƙasar nan, musamman na gwamnati, cewa yawan ɗalibai ya rinjayi yawan kwamfutocin ɗakin gwaji, wutar lantarki ba ta da tabbas, malami guda kuma yana riƙe da aji mai ɗaruruwan mutane, abin da ke sa a koyar da rubuta umarni a kan allo, a kuma jarraba shi da biro da takarda. Takarda ba ta nuna kuskure. Ɗalibi zai manta alamar rufe layi, ko ya kira abin da bai riga ya bayyana ba, ya kuma ci maki, alhali na'ura da tuni ta ƙi aikin. Rabin sana'ar kuwa neman kuskure ne, wato mutum ya karanta saƙon da na'ura ta fitar, ya bi sawun matsalar har inda ta ɓuya, ya gyara, ya sake gwadawa, kuma wannan haƙuri ba ya samuwa sai da zama gaban na'ura. Babu wanda zai kai ɗinkin sallarsa wurin telan da ya haddace sunayen sassan keke amma bai taɓa taka shi ba. Ga kuma yajin aiki, wanda a 2022 ya rufe jami'o'in gwamnati daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cur, a fannin da wanda ya ajiye hannu na 'yan makonni ma sai ya sake lalube.

Tsarin karatun bai rufe ido ga wannan giɓi ba, domin tun 1973 Asusun Horas da Ma'aikata na ITF ya kafa shirin SIWES, wanda ke tura ɗalibai su yi watanni a ma'aikatu da kamfanoni suna koyon aiki da hannu. A nan ɗan yankin Abuja ya yi sa'a, tun da yake hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, wadda aka kafa a 2001, da kamfanin Galaxy Backbone mai kula da hanyoyin sadarwar gwamnatin tarayya, da ma'aikatu masu sashen kwamfuta, da kamfanonin manhaja masu zaman kansu, duk suna cikin birnin. Sai dai amfanin shirin ya dogara da inda ɗalibi ya faɗa, domin wanda aka zaunar yana buga wasiƙu da ɗaukar hoton takardu zai dawo da littafin rahoto cike da sa hannu amma hannunsa wayam. Sashen da ya damu da ɗalibansa shi ne wanda ke bin su har wurin, ya tambayi abin da suka gina, ya ƙi karɓar rahoton da babu aiki a bayansa.

Wuta, data da kuɗin mota

Ga ɗalibin da ke kwana a Tungan Maje ko Zuba ko Giri yana zuwa lakca, karatun yana da wani lissafi da ba ya cikin kundin NUC. Cire tallafin man fetur a Mayun 2023 ya ɗaga kuɗin mota da na janareta, faɗuwar darajar naira da ta biyo baya ta ɗaga farashin laftof, sabuwa da ta hannu, da kuɗin hayar saba a ƙasashen waje da ake biya da dala, sannan a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince wa kamfanoni ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Koyon wannan sana'a yana bukatar sa'o'i a jere ba yankewa, abin da ke da wuya ga wanda batirinsa ya mutu kuma ba ya sanin lokacin da za a kawo wuta.

Duk da haka, a cikin rassan ilimin kwamfuta babu wanda ƙofarsa ta fi wannan sauƙin shiga. Tsohuwar laftof irin wadda ake samu a shagunan Banex da ke Wuse 2 ta wadatar, domin shafin farko bai bukaci komai ba face manhajar rubutu da burauza, duka biyun kuma kyauta ne. Ɗalibi zai buɗe fayil, ya rubuta layi goma na HTML, ya ajiye, ya buɗe shi a burauza ya ga sunansa ya fito da manyan baƙaƙe, ba tare da ya kashe data ko ta kwabo ba. Hatta ɓangaren baya ana iya koyonsa ba intanet, domin manhaja irin XAMPP tana mayar da laftof ɗin kanta saba, da PHP da rumbun bayanai a ciki, mutum ya gina ya gwada a ɗakinsa. Idan aikin ya nuna, Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don ajiye tarihin kowane gyara da aka yi wa aiki, zai ba shi damar ɗora shi a GitHub, inda ake iya wallafa shafi marar rumbu kyauta, duk mai neman ma'aikaci kuma ya shiga ya ga abin da hannunsa ya yi. Wanda ya so adireshi na kansa zai yi rajistar suna mai ƙarewa da .ng ko .com.ng, wanda ƙungiyar NiRA ke kula da shi, ya kuma biya da naira.

Akwai ma wata fa'ida da zama a gefen birni ke bayarwa, wadda ba kasafai ake lura da ita ba. Yawancin 'yan Najeriya ta waya suke shiga intanet, sau da yawa ƙaramar Android mai ƙarancin ma'ajiya, a kan sabis mai zuwa yana ɗaukewa, da data da ake saye kaɗan-kaɗan. Wanda ya koyi aiki a ofis mai sanyi da intanet mai gudu yakan cika shafi da manyan hotuna da tarin umarnin da ba a bukata, ya ga komai na tafiya daidai a gabansa, alhali a hannun mai sayar da lemo a kasuwar kayan marmari ta Zuba, ko dillalin katako a Dei-Dei, shafin ba zai buɗe ba sai ya cinye data. Wanda ya tashi a cikin wannan hali ya san ciwon a jikinsa, idan kuma aka koya masa matse hotuna, da rage nauyin shafi, da fara zane daga fuskar waya kafin ta kwamfuta, zai gina abin da ya fi dacewa da mutanen da ake gina shi dominsu.

Baƙaƙen Hausa da amanar bayanai

Wani fage da darussa ba su cika waiwaya ba shi ne rubutun Hausa kansa. Tsohon tsarin ASCII, wanda kwamfutoci suka daɗe suna aiki da shi, alamomi 128 kawai ya tanada, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, babu ƴ a ciki. Tsarin Unicode da ya fito a 1991 shi ya ba kowane baƙi na harsunan duniya lambarsa, UTF-8 kuma ita ce hanyar da aka fi bi wajen ajiye waɗannan lambobi. Idan mai gina shafi bai bayyana wa burauza cewa UTF-8 yake amfani da ita ba, ko ya saita rumbun bayanai a kan wani tsari daban, suna irin Ɗanladi zai shiga lafiya ya fito da alamar tambaya a madadin baƙinsa na farko, a kuma buga shi haka a takardar shaida. Sannan da yake yawancin mutane ba sa sa lanƙwasa idan suna rubutu a waya, dole gurbin bincike ya gane cewa mai rubuta Danladi wataƙila Ɗanladi yake nema. Waɗannan abubuwa ba su da wuya, amma sai wanda harshen ya dama ne zai tuna da su, kuma kafofin labarai na Hausa, da masu wallafa littattafai, da makarantu, da ƙungiyoyi, duk suna bukatar irin wannan mutum.

Alamar hamza ta fi wannan haɗari. Sunaye irin Mu'azu da Sa'adatu da A'isha suna ɗauke da ita, ita ce kuma alamar da SQL ke buɗe zance da rufe shi da ita, saboda haka idan aka rubuta umarni da sakaci, aka manna abin da mutum ya shigar kai tsaye a cikin tambayar da ake yi wa rumbu, sunan Mu'azu zai karya tambayar a tsakiya, fom ya ƙi karɓarsa. Wannan ƙofa da sunan bawan Allah ya yi tuntuɓe da ita, ita ce dai ƙofar da mai kutse ke bi da gangan ya cusa nasa umarnin, ya kwashe bayanan mutane ko ya goge su. Maganin da raggon mai gini ke yi shi ne ya hana shigar da alamar, ya tilasta wa mutum ya gurɓata sunansa. Maganin ƙwarai kuwa shi ne amfani da shiryayyar tambaya, wadda ke raba umarni da bayanin da aka shigar yadda ɗaya ba zai taɓa rikiɗa ya zama ɗayan ba. Haka nan lambar sirri ba a ajiye ta yadda aka rubuta ta, sai an sarrafa ta da lissafin da ba a iya mayarwa baya, kuma ba a tura bayanai sai ta HTTPS, wato hanyar da ke kulle saƙo tsakanin waya da saba. Tun da aka sa hannu a Dokar Kare Bayanai ta Najeriya a Yunin 2023, sakaci da bayanan mutane ya zama abin da doka ke hukuntawa, tun kafin dokar ma kuwa cin amana ne, domin wanda ya ba da sunan 'yarsa da lambar wayarsa ya ba da su ne bisa yarda.

Furojet na shekarar ƙarshe shi ya kamata ya tattara duk wannan, amma ya zama wurin da aka fi yin ha'inci. Akwai masu sayar da shiryayyen aiki, babi biyar da manhaja, ɗalibi ya sauya suna ya miƙa, tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022 kuma an sami na'urar da ke rubuta umarni cikin daƙiƙoƙi. Waɗannan na'urori kayan aiki ne na gaske, ƙwararru ma suna amfani da su, sai dai suna yin kuskure cikin kamannin daidai, kuma wanda bai iya karanta umarni ba ba zai gane inda suka kauce ba. Ɗalibin da bai taɓa gina komai ba sai a zangon ƙarshe dole ya nemi mafita ta bayan gida, tun da ba a fafe gora ranar tafiya. Gwajin da ke tona asiri kuwa ba shi da tsada: a zaunar da ɗalibi gaban aikinsa, a ce ya ƙara gurbi ɗaya a fom, ya sa bayanin ya shiga rumbu ya kuma fito a shafi, malamai suna kallo.

Gwamnatin tarayya ta buɗe wata hanya a ƙarshen 2023 da shirin 3MTT na Ma'aikatar Sadarwa a ƙarƙashin Minista Bosun Tijani, wanda ke da burin horas da mutum miliyan 3 a fannonin fasaha, ya kuma fara da rukunin mutum 30,000, ga kuma darussan kyauta irin na freeCodeCamp da CS50 na Jami'ar Harvard. Babu dalilin da zai sa a ɗauki waɗannan a matsayin kishiyoyin jami'a, domin abin da suka fi ƙarfi a kansa, wato yawan aikin hannu, shi ne abin da jami'a ta fi rauni a kansa. Shola Akinlade da Ezra Olubi, waɗanda suka kafa kamfanin Paystack mai karɓar kuɗi ta shafukan intanet a 2015, kamfanin da Stripe na Amurka ya saya a 2020, dukansu kimiyyar kwamfuta suka karanta a Jami'ar Babcock, kuma sun shafe shekaru suna gina manhajoji kafin su kai ga wannan matsayi.

Sassan kwamfuta na jami'o'in da ke kewaye da Tungan Maje suna da ikon rufe giɓin aikin hannu ba tare da jiran sabon kasafi ba, ta hanyar kashi 30 ɗin da NUC ta bar musu. Ya kamata su wajabta wa kowane ɗalibi, tun daga shekara ta biyu, ya gina shafi ɗaya mai rai a kowace shekara domin wata makaranta ko asibiti ko ƙungiyar 'yan kasuwa a Gwagwalada ko Zuba ko Tungan Maje, a jarraba shi a kan na'ura, a buɗe shafin a ƙaramar waya, a shigar da suna mai hamza da lanƙwasa a ga abin da zai faru, sannan a rubuta adireshin shafin a takardar sakamakonsa kusa da makin da ya ci.